Tulun Zenobio

Faɗanmu da Zenobio a kan tulu ne. Na iso rumfata a bakin tekun Chorrillos, kifi ya zo, famfo ya ƙafe, sai na ga ɗan tulu ƙarƙashin benci, bakinsa toshe da totuwar masara. Na juye na wanke kifina.

"Mama Rosenda! Ruwan garinmu kika zubar!"

"Ga teku nan a gabanka, makaho. Ɗebi wani."

"Wancan na yau ne. Wannan tun ina saurayi na ɗebe shi."

"Shi ya sa kifina ke warin tsohon takalmi."

Zenobio ɗan kan duwatsu ne, can wajen Huancavelica. Shekarar da ya zo nan Lima fari aka yi a garinsu, dankali ya ƙone a gona. Dattawansu suka yi yadda aka gada: a aiki saurayi ya ɗebo ruwan teku, a zuba a ƙololuwar dutse, gajimare ya ji ƙanshin uwarsa ya biyo. Suka ce masa ɗebi ka juyo, ban da kallo. Ya ɗiba, ya ce bari ya ɗan ga gari tunda ya zo.

Ganin garin nan bai ƙare ba har furfura. Ya sami aikin ban ruwan furanni a lambunan unguwar Miraflores, a birnin da sama ba ta san ruwa ba sai ɗan feshi kamar numfashin saniya. Ran Lahadi ya kafa malafa ya bi bayan baƙi masu ɗaukar hoto. Inda suka buɗe baki nan yake buɗe nasa. Ya kalli masu shawagi da laima a sama har wuyansa ya ƙage, ya kalli jiragen ruwa suna narkewa cikin farin hazon teku. Aure bai yi ba. Wai baƙo ne, gobe zai wuce.

Tun ranar faɗan nan tulun ya zauna fanko a rumfata. Zenobio ya ƙi sake cika shi, don ya san in ya cika sai tafiya.

Bana ƙafafunsa suka kumbura, tari ya kama shi. Ya zauna a bencina yana kallon igiyar ruwa.

"Jiya na yi mafarkin gonarmu na iyo a teku, dankalin duk ya yi fure, yana tambayata ina saƙo."

"Damina nawa aka yi a garinku ba kai? Waɗanda suka aike ka sun zama ƙasa."

"Dutsen bai mutu ba, Mama. Shi aka yi wa alkawari."

Na dubi ƙafafun nan, na san in bai hau dutsen nan bana ba, ba zai hau ba. Na kama hannun rigarsa na ja shi cikin ruwa har gwiwa, ya cika tulun yana rawar ɗari. Da ya fara ɗaga kai zai yi kallo na make masa ƙeya. Na toshe bakin da sabuwar totuwa, na ƙunsa masa soyayyen kifi, na raka shi tasha.

Yana shiga mota ya nufi tagar dama. Na san hanyar nan, bakin teku take bi ta dama kafin ta hau duwatsu.

"Koma hagu, tsohon banza. Rungume tulunka ka rufe ido, kada ka buɗe sai ka ji kunnuwanka sun toshe."