Zaitun ɗin da Hajiya ta kawo daga Umara

Akwai ranar da na kusa bai wa surukina ruɓaɓɓen zaitun da hannuna, kuma ba na jin za ta taɓa fita daga raina.

Lokacin watana biyar da aure, muna zaune gida ɗaya da iyayen mijina a Unguwar Dosa. Hajiya, mahaifiyar mijin nawa, ta dawo daga Umara da tsaraba, ciki har da kwalbar zaitun guda, koraye, suna iyo cikin ruwa. Ranar da aka buɗe aka bai wa kowa ƙwaya ɗaya. Kowa ya tauna ya ce ma sha Allah, fuska a yamutse. Gishiri ne zalla. Da aka ba ni in adana, ni da iyayina na amarya, sai na tsiyaye ruwan kaf don gishirin ya ragu, na rufe, na jera kwalbar a kabat ɗin falo kusa da kofunan baƙi. Ban gaya wa kowa ba. A ganina gyara na yi.

Bayan wata uku aka sallamo Baba, surukin nawa, daga asibiti. Ciwon ciki ya ramar da shi, ko kunu sai an lallaɓa yake sha. Hajiya ta ce, "'Yar nan, ɗauko zaitun ɗin nan ki ba shi uku. Magani ne."

Murfin ya ɗan kumbura. Ina murɗawa ya ce fus, wani wari ya buge ni kamar na ƙullun da aka manta a bokiti. Wani farin gashi-gashi ya rufe saman, da ɗigo-ɗigon kore. Na taɓa ɗaya da cokali, ta lotse tana yauƙi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, akwai ruwa a ciki har rabin kwalba, duk ya gurɓace.

"Hajiya, kamar fa ya lalace."

"Abin Makka?" ta ce. "Je ki ɗauraye."

Na je na ɗauraye, Allah na gani. Na sa uku a faranti na durƙusa gaban Baba. Ya miƙo hannu zai ɗauka. A nan tsoro ya kama ni, har ya danne kunyar. Na janye farantin.

"Baba, kada ka ci. Ni na zubar da ruwan gishirin tun ranar farko, ashe shi ke tsare shi."

Hajiya ta gyara ɗankwalinta.

"Ashe ke ce," ta ce. "Ni kuwa na ga ya bushe, na zaci tsotsewa ya yi, sai na ƙara masa zamzam."

Baba ya dube ta, ya dube ni, ya mayar da hannunsa cikin bargo. "To, Allah ya saka muku da alheri ku biyun. A kawo min kununa."

Tunda da zamzam a ciki, Hajiya ta hana a kai bola. Rami na haƙa a gindin mangwaro na binne, tana tsaye a kaina tana cewa in ƙara zurfi.

Yanzu na san zaitun in an buɗe, firji ake sa shi, nutse cikin ruwansa, kuma in ya yi gashi ko wari, ɗauraya ba ta gyara shi. Amma babban abin da na koya shi ne, kunyar surukai tana da iyaka. In ta kai ki ga miƙa wa mara lafiya abin da hancinki ya ƙi, to buɗe bakin shi ne ladabin.