Karatun Inna Ya Isa Tawa

Ana idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da abokin aikina, kowa da kwamfutarsa a jaka. Illela muka nufa, wurin kawuna, wanda yake da makarantar Islamiyya ta matan aure. Shi ya roƙe mu mu yi masa manhajar yanar gizo, inda kowace ɗaliba za ta samu shafinta, a riƙa ajiye karatunta da muryarta, danginta na nesa su buɗe su saurara. Ana shirin walimar sauka, yana so ta fara aiki kafin ranar.

Mun wuce Kware gari na wayewa. Damina ta ja baya, gero ya tsaya gefen hanya ya sunkuyar da kai. Hanyar tana da kyau a wasu wurare, a wasu kuma direba sai ya yi ta zaɓen ramin da ya fi sauƙi. A Gwadabawa muka tsaya muka ci masa mai zafi da yaji, ga arha, har abokina ya ce a ƙara masa a leda.

Tun a mota muka ci gaba da gardamar da muka daɗe muna yi. A sana'armu akwai babban tsari da ake kira firemwok, wanda ya zo da komai a haɗe, sai dai nauyi gare shi. Abokina shi ya so mu ɗauka. Ni kuma na nace mu tsinto ƙananan guntayen manhaja, kowane da aikinsa guda: ɗaya ya nuna shafi, ɗaya ya ɗauki murya, ɗaya ya aika ta, ɗaya ya tantance mai shiga. Mu da kanmu muka ɗinke su, kuma ɗinkin ya ba mu wuya, wannan kam ba na musu. Duk inda muka yi tuntuɓe sai ya ce, "Da firemwok ne da tuni mun gama."

Illela ta tarbe mu da ƙarar babura. 'Yan kabu-kabu suna ta kai da komo zuwa bakin iyaka, masu canji zaune a inuwa suna kiran "sefa, sefa", buhunan albasa jibge har ƙamshinsu ya cika titi. Wayata kuwa ta rikice. Yanzu tana kan layin Najeriya, an jima ta yi mini barka da zuwa Nijar, alhali ko Konni ban hango ba.

Kawu ya tarbe mu a zaure da fura mai sanyi da dogon burodi irin na tsallake. Bayan gaisuwa ya dubi jakunkunanmu ya ce, "To ɗana, mi kunka zo muna da shi?"

Na buɗe masa a wayarsa, tsohuwa ce ƙwarai, gilashinta ma ya tsage. Shafin ya fito nan take, don guntayen nan ba su da nauyi. Na saci kallon abokina, ya yi kamar bai gani ba.

Aka kira ɗaliban da za su yi sauka. A cikinsu akwai wata dattijuwa daga Gidan Katta, kowa Inna yake ce mata. Sai da ta aurar da 'ya'yanta duka sannan ta shiga makaranta, kullum jikanta yana kawo ta a babur. 'Yarta tana aure a Tawa, cikin Nijar, ga tsohon ciki, ba halin ta zo walima. Inna ta ce mini, "Ɗan nan, ita ta matsa mini in shiga makarantar ga. In ba ta ji karatuna ba, kamar ban sauke ba ne."

Ta gyara zama ta karanta sura mai tsawo, murya na ɗan rawa amma ba ta yi kuskure ba. Muka ɗauki muryar, muka danna aikawa. Ya yi nisa, sai sabis ya yanke, ya koma farko. Muka sake, haka. Na uku ma haka. Inna ta dubi Kawu, Kawu ya dube ni. A Sakkwato ba mu taɓa ganin wannan matsala ba, don sabis ɗinmu ba ya irin wannan tsalle.

Muka koma ƙarƙashin dogon yaro a tsakar makaranta muka buɗe kwamfuta. Ba mu sha wahalar gano mai laifi ba: guntun da yake aika murya ne, so yake ya tura komai a tashi ɗaya. Abokina, shi da bai so tsarin ba tun farko, shi ya tuna da wani guntun da yake yanka murya ƙanana-ƙanana, in sabis ya ɗauke ya jira, in ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Muka cire tsohon muka sa sabon. Sauran ko taɓa su ba mu yi ba. Kafin la'asar mun gama, har da cin tuwon gero da miyar kuka a tsakani.

Aka sake danna aikawa. Sabis ya yanke, ya dawo, ya sake yankewa, abin kuwa yana ta tafiya a hankali har ya cika. Jikan Inna ya tura wa gwaggonsa ta Tawa adireshin shafin. Ba a daɗe ba waya ta yi ƙara. 'Yar ce daga Tawa, tana kuka tana dariya, ana jin guɗar maƙwabtanta a bayanta. Inna ta riƙe wayar da hannu biyu tana cewa, "Kin jiya? Kin ji har ƙarshe?" Matan makarantar suka ɗauki guɗa su ma. Daga nan layi ya kafu, har da wata daga Garu da ta ce ita sau biyu za ta karanta, na farko gwaji ne.

Washegari muka zaga kasuwa, na sayi albasa da kilishi na tsaraba. Abokina ya tsaya taya raƙumi da wasa, mai shi ya ɗauka da gaske, da ƙyar muka zame.

Mun iso Sakkwato da yamma lafiya lau. Abokina har yanzu yana cewa babban aiki sai firemwok, kuma yana da gaskiyarsa. Abin da ni na koya shi ne, manhajar da za ta yi aiki a Illela, a Illela ake gwada ta, kuma a gina ta yadda in abu guda ya ƙi za a cire shi kaɗai. Ranar walima Kawu ya kira ni ya ce 'yar Inna ta haihu, mace, kuma karatun kakarta ake kunna mata in tana kuka.