Mangwaron Inna a Kan Dam ɗin Yaya Hamisu

Shekara shida ke nan da muka sa Yaya Hamisu a ƙasa a maƙabartar Al Qusais, nan Dubai. Mu ƙalilan ne muka raka shi, wasu ma sai a sahun sallah suka ji sunansa. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya kawo ni garin nan, shi ya koya mini ɗaurin kaya a kasuwar Murshid Bazaar. Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi a bakin shago, yana cikin yi wa wani mai jigilar kaya faɗa a kan kwalayen yadi da aka jiƙa masa. Waɗanda suka san shi sun yi kuka, daga baya kuma suka yi murmushi, domin duk rayuwarsa babu abin da ya tsana kamar ruwa ya shiga inda ba a ce ya shiga ba.

'Yan kasuwarmu in Allah ya buɗa musu, bene suke ginawa a Kano, ko gidan mai. Yaya shi dam ya gina. Akwai wani rafi a gonar mahaifinmu can ƙauye, da damina ya cika ya wuce, da rani ko tsuntsu ba ya samun na sha. Ya ɗauko katafila aka tare shi da ganuwar ƙasa, aka daddaɓe da yumɓu, aka bar wa ruwa mafita a gefe. An yi masa dariya sosai, har da ni. Amma kafin a je ko'ina mutanen garinmu sun fara noman tumatur da albasa da rani, Fulani suna shayar da shanu, dariyar ta koma addu'a.

Abin da ya sauya masa tunani a kan dam ɗin, a nan Dubai ya same shi. A gidan da muke haya akwai Abdu, mutumin Damagaram, wanda ya karanta aikin ruwa da noman rani a Yamai kafin kasuwar wayoyi ta janye shi. Wata Juma'a muka fita shan iska garin Hatta, cikin duwatsu, muka tsaya a bakin wata madatsar ruwa. Yaya ya shiga yabon tasa, yana cewa ko giwa ta hau ba za ta motsa ba. Abdu ya bar shi ya gama, sannan ya ce masu aikin suna raba madatsun ruwa aji uku: mai ƙaramin haɗari, mai matsakaici, da mai babba. Kuma ba ƙarfin ginin ake dubawa ba wajen rabon, ana duba abin da ruwan zai tarar a gabansa ne in ya ɓalle.

"To nawa wane aji ne?" in ji Yaya.

"Me ke ƙasansa?"

"Gonar rake, sai fadama."

"Ƙaramin aji ke nan, Alhaji. Amma ranar da mutum ɗaya ya shimfiɗa tabarma ya kwana a ƙasan barrage ɗin nan, wato dam ɗinka, shi ke nan, ya koma babban aji, ko ba ka taɓa shi da yatsa ba."



Daga nan ya zame mana alaƙaƙai. Cikin watan Agusta, Dubai tana tafasa, babu ko ɗigon gajimare, sai ka ga Yaya yana kallon sama yana tsaki, wai yanzu haka ana tafka ruwa a gida. Ya sayi katin waya ya kira ɗan kawunmu Sale, wanda ke kula da gonar, ya sa shi ya cire takalmi ya bi bayan ganuwar a ƙasa, ko tafin ƙafarsa zai ji danshi. In ruwa na tsatsowa garai-garai, a sa ido. In ya fito da laka, to dam ɗin yana cin kansa ta ciki. Ramin gafiya a toshe, gidan gara a tone. Dokoki biyu kuwa ba ya wasa da su: kada a yi gini a fadamar, kada kuma a bar bishiya ta tsiro a jikin ganuwar, domin saiwa hanya take yi wa ruwa. Ni a lokacin gani nake abin ya yi yawa. Mutum yana da kwantena a tashar ruwa, amma hankalinsa na kan ramin gafiya.

Yau da zai leƙo, ba zai gane unguwarmu ba. An kafa ginshiƙan jirgin ƙasa a tsakiyar titi, benaye suna tashi kullum, hayar ɗaki ta kori rabin mutanenmu zuwa Sharja. Na san ba zai yi mamaki ba, ba ya cikin masu buɗe baki don tsayin gini. Tambaya ɗaya zai yi, in ruwan sama ya sauko ina zai bi. Kuma duk sanda aka ɗan yi yayyafi tituna suka cika, sai in ji kamar ga shi nan a bayana yana cewa ai ya faɗa.

Wadda mutuwarsa ta fi yi wa illa ita ce mahaifiyarmu, Inna. Ba ta ga gawarsa ba, ba ta ga an fita da makara daga ƙofar gida ba, labari kawai ta ji ta waya. In na je gida a Kano nake samun ta, gidan ƙanwarmu, don haka ban taka ƙauye ba sai bara da kaka. Da na isa bakin dam ɗin sai na tsaya cak. Ganuwar nan da Yaya ke so a bari fayau, an jera mata mangwaro daga wannan baki zuwa wancan, sun yi kore shar, wasu sun fi ɗaki tsayi. Ashe tun shekarar rasuwar Inna ta dasa su da hannunta, sadaka ga ɗanta, duk wanda ya sha inuwa ko ya tsinki ɗa lada ya kai masa. Sale ya san dokar, amma ya ce shi bai ga fuskar da zai kalli tsohuwa tana hawaye ya hana ta ba. Ban ga laifinsa ba.

Na juya na kalli fadamar, abin ya ƙara tsananta. Gari ya faɗaɗa, an raba gado, wasu 'yan uwa sun sayar da nasu kason. Gidaje ne a jere inda rake yake da, ga shanya, ga awaki a turke, ga hayaƙin girki. Na cire takalmi na bi bayan ganuwar. A gindin wani mangwaro ƙafata ta nutse, ruwan da ya taru a sawun ja ne, duk laka.

Da na dawo Dubai na nuna wa Abdu hotunan a waya. Ya daɗe yana kallo. Ya ce sara kawai ba ta wadatar ba, in saiwa ta ruɓe a ciki rami za ta bari. Sai an jira rani, a rage ruwa, a tono kowace bishiya da saiwarta, a cike da yumɓu a daddaɓe. Kuma kada a bari wata damina ta same shi a haka. Da na kira gida, kawunnai suka taso mini. Wai na je ƙasar Larabawa na koyo rashin tausayi, zan tuge sadakar mamaci, zan kashe tsohuwa da baƙin ciki. Na ji zafin maganar ƙwarai, domin tsoron da ke raina ke nan.

Da rani na koma, na sami Inna a ƙauye, ta idar da sallar walaha tana zaune a kan buzu. Ban iya kawo maganar aji uku ba. Na dai ce mata saiwar mangwaron tana huda ganuwar, kuma akwai mutane a ƙasa.

"Su wa ke kwana a wurin?" ta tambaya.

Na lissafa mata: gidan Malam Iro mai faci, gidan Talatu mai ƙosai, da 'yar Talatu da ta zo wankan jego.

"Shi ya san da wannan, Hamisun?"

"Shi ya hana a dasa, Inna. Tun yana da rai."

Ta ci gaba da jan carbi, har na fara nadamar buɗe bakina. Can ta ce, "Ba wanda ya gaya mini. Da na sani ai da ban ɗora masa nauyi ba." Na ce in ta yarda zan kai ta Kano, ta zauna har a gama, kada ta ji ƙarar gatari. Sai ta ɗago ta dube ni.

"A'a. An binne shi ban gani ba. Wannan kam a gabana za a yi."

Haka aka yi. Aka kai mata kujera bakin ganuwar, ta zauna da mayafinta tun daga bishiyar farko har ta ƙarshe. Ni ne na kasa tsayawa, na koma bayan motar yumɓu na yi kukan da ban yi ba a Al Qusais.

Shagon Yaya wani Ba'iraniye ke ciki yanzu, kwalayenmu ma sunana ne a jikinsu. Kabarinsa ina zuwa, amma sai na yi ta dube-dube kafin in gane shi. Dam ɗin kuwa ya koma tsirara, ba inuwa, ba kyan gani, wanda ya wuce ba zai san wani ya taɓa ƙaunar mai shi ba. Abin da ya rage na Yaya Hamisu a duniya bai wuce haka ba: bana an yi damina mai nauyi a garinmu, ruwa ya cika ya bi mafitarsa, mutanen fadama suka kwana suka tashi, ba su ma san akwai abin tsoro ba. Allah ya kai masa ladan barcinsu, ya ba Inna na bishiyoyinta cikakke, kamar suna nan tsaye.