Kwalekwalen Baba Yari

Baba Yari mai gadi ne a unguwar Utaibiyya, a ƙasa mai tsarki. Tun yana saurayi ya baro Gigimi, bakin tafkin Chadi, ya zo aikin Hajji, bai koma ba. An sha gaya masa tafkin ya ja baya, sai ya ce ai ruwa kullum yana dawowa.

Wata rana, wurin 'yan gwangwan a hanyar Jidda, ya ci karo da wani ɗan kwalekwale ƙirar Japan, ko huda babu. Ya saya, ya wanke, ya shafa masa fenti shuɗi. Matarsa Saudatu ta yi faɗa har ta gaji. Ya sa shi a jirgin ruwa zuwa Kwatano, daga can mota ta kai shi gida.

Bayan watanni ƙaninsa ya kira shi a waya.

"Yaya, kaya sun iso. Amma 'ya'yana ko ganin ruwan nan ba su taɓa yi ba. Awaki ke cin dusa a cikin kwalekwalen."

Baba Yari ya ce, "To, a ja shi inuwa, kada fentin ya tashi."