Diyyar Haƙorin da Ban Ƙirga Ba

Abu uku mota ta ci mini ran nan, a lissafina: jaki na fam biyu, mazarƙwaila ta sule talatin, da ƙwaurina na hagu, wanda na yi wa kuɗi fam goma. Lokacin Turawa na nan, ni kuwa ina sarin mazarƙwaila a Maƙarfi in kai kasuwar Hunkuyi. Jakin nan da kayan bayansa su ne jarina kakaf. In ba a biya ni ba, sai ƙwadago a gonar rake.

A wani gangare kusa da Kudan abin ya faru. Motar gyaɗa ce, mai ita ke tuƙi da kansa, wani ƙaton mutumin Zariya. Birki ya ƙi ci. Jaki ko shurawa bai yi ba, ni kuma na farfaɗo cikin rami, baki duk jini. Mutumin bai gudu ba, wannan kam na shaide shi. Shi ya kai ni Likoro wurin wani tsoho maɗori.

Ƙanena ya kai ƙara. Alkali ya ce ba a yanke diyyar rauni sai ya warke, a dawo bayan wata biyu. Ni kuwa na riƙe tsohon nan na ce, "Baba, ka yi mini ɗorin da ko ni ba zan gane ƙafar da ta karye ba." Har goro na ƙara masa. Ya kuwa yi.

Ran komawa, matata ta miƙo mini sanda. "Malam, ka ɗan ɗingisa mana. Haka za ka je a miƙe kamar ɗan doka?"

Na ce a'a. Maƙarfi duk an ga na tsallake kwata jiya. Ɗan kasuwar da aka kama da ƙarya gaban alkali, wa zai ƙara yarda da cinikinsa?

Alkali ya sa na taka zuwa gindin ɗurumi na dawo. Ya ce, "Wacce ce ta karye?"

"Allah ya gafarta malam, ta hagu."

"To, ka gode wa Allah. Karayar kuskure in ta warke ba aibu, ba ta da diyya. Jaki da kaya dai za a biya ka."

Fam goma ta tashi ke nan. Sai na tuna goron da na ba tsoho don ya kashe mini shari'a da hannunsa. Dariya ta ƙwace mini, na wangale baki a gaban kowa.

Alkali ya ranƙwafo. "Tsaya, kada ka rufe. Giɓin nan na yaushe ne?"

Kafin in amsa, mai mota ya ce, "Ai na ranar ne, Allah ya gafarta malam. Ni na tsinci haƙorin a bakin hanya."

Alkali ya ce, "Ka shaida ke nan?"

Mai mota ya hau raba ido. Ashe haƙori yana da diyya tsayayya a littafi, raƙuma biyar, wanda a kuɗin kotu na lokacin ya kama fam shida. Ni ko cikin ƙarar ban sa shi ba, tunda ina taunar rakena da ɗaya gefen.

A waje ya dafa ni yana dariya. "Mai giɓi, bakina ya ja mini. Kuɗin jaki da kaya ga su, amma fam shida sai ka yi mini haƙuri."

Na ce, "Maigida, riƙe fam shidanka. Duk Laraba kana wucewa Kano. Ka ajiye mini wurin kwando goma a bayan mota har rake ya ƙare."

Muka koma ciki aka rubuta. Mazarƙwailar da nake sayarwa sisi a Hunkuyi, a Kano sule ce ba tayi. In mun iso gangaren nan, sai ya ce in rufe bakina, ba shi da kuɗin na biyu.

Da kakar rake ta wuce na zauna na ƙirga. Na rasa haƙori ɗaya da goron sisi. Na sami jaki biyu, rumfa a kasuwar Maƙarfi, da ƙafar da har yau ba ta san sanda ba.