Mai Ɗan Kunne Ɗaya

Mai sharar ofishin kula da yara ta kasa ɗauke ido daga matar da ke zaune a benci. Shiga tsaf, amma ɗan kunne ɗaya tal, a dama. Mantuwa ce, ko ɗayan ya faɗi a hanya?

Yaro ɗan shekara biyu yana lafe a ƙirjinta. Ashe riƙonsa take yi, yau kuma mahaifiyarsa ta warke, ta zo karɓar abinta.

"'Yar nan, cire naki na hagu," in ji matar tana miƙa shi ga mahaifiyar. "Sai ya kama kunne yake barci."

Suna fita, matar ta lalubo ɗayan ɗan kunnen a jaka, ta yi ta ƙoƙarin sakawa. Hujin ya toshe.