Fis a Haɓar Zani

Maiwuta ake ce masa a layinsu, har yaran da aka haifa bayan ya ajiye aiki. Kusan duk gidan da ka shiga a unguwar, in ka ɗaga kai ka ga ƙwan fitila a silin, to hannunsa ne ya ja wayar. Mutum ne mai rowar magana, kullum testar gwada wuta a aljihun gaba kamar biro, ga tabon ƙuna a tafin hannunsa na dama.

Tabon nan ba a wajen aiki ya samo shi ba, a ɗakinsa ne. Farkon aurensu, yana kan tsani yana haɗa fitila, wani ɗan haya ya dawo ya ga an kashe wutar gidan, bawan Allah bai tambayi kowa ba ya mayar. Wuta ta ja Maiwuta ta yi jifa da shi. Tun daga ranar matarsa ta kafa doka: in zai taɓa waya a gidan, ita za ta je akwatin mita ta zare fis don wutar gidan ta yanke, ta ƙulle shi a haɓar zaninta, ta zo ta riƙe tsani. Sai ya leƙo daga sama ya ce, "Kin cire?" Ta ce, "Yana hannuna." Sannan ya fara aiki.

Yakan tsokane ta cewa ita ce injiniyar, shi ɗan koyo ne. Ita kuwa ta ce, "Kada ka ɗauka don kai nake yi, malam. In ka mutu wa zai gyara mini fanka?" Haka suka tsufa, har gashinsu ya yi fari.

Bara ta rasu, jinyar ma ba ta yi tsawo ba. Mutane suka yi ta yabon dauriyarsa, don ba wanda ya ga hawayensa.

Sai fitilar falo ta fara lumshewa tana dawowa, aka soma jin ƙauri, bakin mariƙin ƙwan ya yi baƙi. Ya kashe ta ya bar ta. Autarsa da ta zo duba shi ta tarar da falon dulum, ta ce, "Baba, bari in kira mai gyara."

"A gidana?" ya ce. "Ni da na sa wa rabin unguwar nan wuta?"

Ita dai tana ganin yadda kofin shayi ke rawa a hannunsa. Shi ma ya sani. Idonsa ya fara haɗa jar waya da baƙa. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne a ga wani ya shiga gidansa da jakar kayan aiki, a ce Maiwuta ya ƙare.

Wata safiya ya jawo tsani shi kaɗai. Ya zare fis ya jefa a aljihu, ya hau a hankali, ya kwance murfin fitilar, wayoyi suka leƙo. Bai san lokacin da bakinsa ya ce, "Kin cire?" ba.

Falon ya yi tsit. Tsanin na ɗan girgiza, ba mai riƙe da shi. Ya shafa aljihu, ga fis nan, babu wuta a wayar, ya sani sarai. Duk da haka hannunsa ya ƙi zuwa. Tun ranar da wuta ta ja shi, bai ƙara taɓa waya a gidan nan ba sai ya ji muryarta. Ya sauko ya zauna a matakin ƙasa, ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka fita da ita, kuka sosai, har rigarsa ta jiƙe. Da ya nutsu ya ɗauki wayar salula ya ce wa Auta, "Kira mai gyaran."

Mai gyaran ya zo da hantsi tare da ita, wani dattijon mutum mai ladabi. Ya russuna ya ce, "Baba, ai ku ne iyayen aikin, taya ku kawai zan yi." Maiwuta ya fito da fis daga aljihu ya damƙe a tafinsa mai tabon, ya sa ɗaya hannun ya riƙe tsani gam.

Mutumin ya hau, ya zaro filaya, sannan ya leƙo ƙasa.

"An cire, Baba?"

Maiwuta ya ƙara damƙe fis ɗin. Auta ta juya ta fuskanci bango, don ta girma tana jin amsar nan daga bakin uwarta.

"Yana hannuna," ya ce.